Kujerar Baya a Ajin Lissafi

Ko me zan manta a zaman karatuna a Minna, ba na jin zan manta da safiyar da aka kira ni gaban allo.

A unguwarmu ta Dutsen Kura, Farfesa ake ce mini tun ina sakandare, iyaye har turo mini 'ya'yansu suke yi in koya musu lissafi. Sai ga shi a shekarata ta farko a jami'a na faɗi lissafin, dole in maimaita shi tare da sababbin ɗalibai. Ban gaya wa kowa a gida ba. Abinci ya daina shiga, ko sallama aka yi a ƙofa sai gabana ya faɗi.

Abin da ya fi damuna, cikin sababbin akwai 'yar maƙwabcinmu, Banufiya, wadda ni na koya mata lissafi. In ta gan ni, ina ganin kafin la'asar labari ya kai shagon Baba. Don haka nakan shigo a makare, in laɓe a kujerar baya, in fice kafin a tashi.

Ran nan malamin ya rubuta tambaya a allo, ya juyo.

"Masu maimaitawa, ku miƙe."

Na yi kamar ba da ni ake ba. Sai na tuna ya san fuskata, na miƙe.

"Kai, mai shuɗiyar riga. Zo ka yi mana ita yadda ka yi bara."

"Malam, ai ba daidai na yi ba."

"Na sani, ni na duba takardarka. Ita nake so."

Ina wucewa na ji muryar 'yar maƙwabcinmu: "La! Yaya Farfesa, kai ne?" Aka kwashe da dariya.

Na karɓi alli, na fara rubutu. A layi na uku ya ce in dakata.

"Su wa suke bin wannan hanyar?"

Hannuwa suka yi ta tashi, watakila rabin aji, har da nata.

"Ai shi ya koya mini haka, Malam," in ji ta.

Sai a lokacin ya nuna mana inda amsa ɗaya take ɓacewa in aka raba ɓangarorin lissafin biyu da harafin da ake neman darajarsa. Na daɗe ina wannan kuskure, ba wanda ya taɓa gani, don ban taɓa bari a ga aikina kafin ya kammala ba.

Da muka fito ta ce, "Yaya, ba zan faɗa ba fa."

Na gode mata, amma da yamma ni da kaina na je shago na gaya wa Baba. Ya saurare ni, sannan ya tambaya, "To yanzu ka gane?"

Na ce na fara.

Ba zan ce tsoro ya bar ni ba, har yau ina jinsa. Abin da na koya dai shi ne, muddin ina ɓoye inda ban iya ba, ba mai gyara mini, kuma haka zan koya wa wani.