Kunnena na hagu da tsohon makaɗin Ingila

Assalamu alaikum. Wata huɗu rabona da nan. Masu cewa na yi kuɗi a Guangzhou na daina kula mutane, na yafe muku, ku ma ku yafe min. Kunnena ne ya mutu.

Ga waɗanda ba su san ni ba, tafinta nake yi. Ina raka Hajiyoyin Kano kasuwa, in ji Sinanci in mayar musu Hausa. Kunne shi ne jarina kaf.

Wata Talata na tashi na ji na hagu ya toshe, yana wani zuuu. Na ce ruwan wanka ne. Na sa auduga, na ɗiga man zaitun, wata ta ce man habbatussauda, shi ma na ɗiga. Kwana shida ina wannan shirme.

Ran na shida muna kasuwar Guangyuan, mai shago ya ce katan sha huɗu ya rage masa, na ce wa Hajiya arba'in. A Sinanci kalmomin biyu kusan ɗaya suke. Hajiya ta ce, "Ke Rabi, yau lafiyarki ƙalau?" Na yi dariya, amma daga nan asibiti na wuce.

A asibiti aka sa ni a wani ɗan ɗaki, aka ɗora min abin ji a kai, in danna maɓalli in na ji ƙara. Ta dama na yi ta dannawa. Da aka koma hagu na zauna ina jira a fara, ashe har an gama.

Likita ta ce jijiyar ji ce, ba datti ba. "Me ya zaunar da ke kwana shida?" Ban iya ce mata man zaitun ba.

Aka yi hoton kai, aka fara ƙarin ruwa da allura, sannan kullum da safe awa biyu a cikin wani ɗakin ƙarfe kamar tankin mai, muna shaƙar iska ta takunkumi. Hoton kaɗai ya cinye abin da nake samu a sati biyu. Umma na waya tana cewa, "Ki dawo gida haka nan." Ni kuwa tsoro nake ji, wallahi. In ban ji ba me zan yi a garin nan?

A bencin jiran ɗakin ƙarfen na haɗu da wani tsohon Bature, Derek, amma Baba nake ce masa. Ɗan Ingila ne, shekara saba'in da ɗoriya. Tun yana ɗan sha shida ya bar aikin masana'anta ya kama jitar bes, mai tsirkiya huɗu, mai kaurin murya. Shekara talatin shi da ƙungiyarsu suna yawon duniya da kiɗan rok, yana tsaye gefen mai ganguna, har kunnensa na hagu ya tafi. Ƙungiyar ta watse, ya yi ta yi wa wasu kiɗa, daga baya ya auri 'yar nan garin ya zauna yana koyar da yara. Yanzu na daman, wanda ya rage masa, shi ma ya ɗauke dare ɗaya, saura kaɗan.

Hirarmu abin dariya. In ya zauna ta hagu ban ji, in ya koma dama shi ba ya ji. Sai da ya juya ya kalli bango ni ina kallon ƙofa, kunnuwanmu masu rai suka haɗu. Wata nas har riƙe ciki take yi don dariya.

Na tambaye shi ko ya yi suna. Ya ce, "Ina fa! Mawaƙi ake kallo. Mu na baya sai mun tsaya ake waigowa."

Kwana biyar ban ga canji ba, na fashe da kuka a bencin. Baba ya bari na gama, sannan ya ce, "Magana kike jira ki ji, shi ya sa. Ki saurari sauti mai kauri, na can ƙasa. Injin mota, firij, jirgi. Nan ne wurin aikina, na san hanyar."

Na ce a raina tsohon nan surutu ne da shi. Amma na gwada. Kullum a jirgin ƙasa zuwa unguwar Xiaobei sai in toshe na dama da yatsa, mutane na kallona.

Ran na tara na ji wani gurnani can ƙasa, ta hagu. Na cire yatsa, na mayar. Yana nan. Na wuce tashata da tasha biyu ban sani ba, ina ta alhamdulillahi.

Ranar gwajin ƙarshe likita ta ce fiye da rabi ya dawo, zan iya aiki. Na fito na tarar da Baba riƙe da tasa takardar. Nasa bai dawo ba, ƙara lalacewa ma ya yi. Ya tambaye ni, na faɗa sau biyu bai ji ba, sai da na rubuta a waya. Ya karanta, ya tafa min kamar a dandali. Kunya da tausayi suka hana ni ɗaga kai.

Na koma kasuwa. Ina sa mai shago a damana, kuma duk lamba sai ya rubuta min.

Na gode wa Allah, na gode wa Umma, da Hajiyoyin da suka jira ni ba su canza tafinta ba.

Don Allah, in kunne ya ɗauke muku farat ɗaya, ku bar mai, ku bar auduga, ku je wurin likitan kunne a ranar. Masu cusa abin ji suna ƙure ƙara, ku rage.

Baba kuma ku taya ni yi masa fatan sauƙi. Jiya na kai musu dambun nama shi da matarsa. Yana nan yana koyar da yaransa, sai dai yanzu yatsunsu yake kallo ya gane in sun yi kuskure.