Ɗan farina a gadin ƙofar bariki

Abin nan ya faru bayan babban taron Yamai, wanda aka yi wata da watanni ana saurare a rediyo har tuwo na ƙonewa a kan murhu, amma kafin kuɗin sefa su faɗi. Shekarar ce 'yan lakwal suka fi zama gida a kan zuwa aji saboda malamansu na yajin aiki, jam'iyyu kuma suka yi yawa har kowace mace a unguwarmu ta Zariya tana da zanen tata jam'iyyar. Mai gidana, Allah ya jiƙansa, bai cika shekara biyu da samun fili a noman rani na Jiratawa ba, can yake wuni. Ni kuwa shekarata tara ina tuƙa wa sojoji tuwo a bariki.

Mu huɗu ne mata a madafar. Ban taɓa shiga aji ba, amma ba na jin akwai macen da ta san karatun soja kamata a duk Maraɗi. Zana ɗaya ce ta raba murhunmu da gindin itacen bedin da ake zaunar da kurata, sababbin shiga, ana koya musu aiki. Mai koyarwar wani sarjan ne, Bazabarme, gajere, muryarsa har bakin titi ake jin ta. Sai ya faɗa da Faransanci, ya ga idanu sun yi zuru, ya sake da Hausarsa mai karkata.

"Babu bindiga marar harsashi! Ko kai ka cire da hannunka, akwai. Bakin bindiga ƙasa ko sama, ba ya kallon mutum. Yatsa waje, ba ya taɓa kunama sai an ce. Ku maimaita, 'yan ƙauye!"

Su maimaita, ni ma in maimaita a zuci ina tuƙi. Na san yadda ake zare gidan harsashi, a ja ƙarfen baya sau biyu, a leƙa ciki da ido kafin a miƙa wa wani. Na san soja cikin kaki ba ya durƙusa wa kowa, ƙamewa yake ya sara. Mai gadi ba ya hira, ba ya karɓar komai daga hannun kowa, ba ya barin inda aka ajiye shi. Shugaba kuma shi ke cin abinci a ƙarshe, kuma haka sarjan ɗin yake yi, sau da yawa ƙanzo yake tararwa. Ƙawata a madafar, wata Ba'adara mai baki, in ta ga leɓena na motsi sai ta ce, "To, ga sarjan ɗin muciya ta fara. Ki ƙame mana, ranki ya daɗe, miya na tafasa."

Ni 'yar Tsibiri ce, kuma a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Nawa namiji ne. Ana yaye shi Yayana ya zo ya ɗauke shi, a Tsibiri ya girma, Yayan yake kira Baba. Shekara ashirin ban taɓa faɗin sunansa ba. Ko wani mai irin sunan na gani, sai in ce mai sunan wancan. Ban taɓa duban tsakiyar idonsa ba. In ya zo gida gaisuwa, bango nake yi wa magana: "A ce wa wancan akwai fura a ɗaki." Da wannan aka san ni, kuma ina alfahari da shi, don mata da yawa a birni sun fara sakin abin.

Ya gama lakwal, aiki babu. Ba wanda ya gaya mini ya shiga soja. Wata safiya ina wanke gero, kurata suna maimaita karatun bindiga a bayan zana, sai na ji wani tari a cikinsu. Tarin ubansa ne sak. Na tsaya da hannu cikin ruwa har Ba'adara ta zungure ni.

Daga ranar, kullum sai ya zo cikin layi ya miƙo kwano. Ni ludayi nake kallo. Don kada a ce na fifita nawa, rabin ludayi nake zuba masa, ya karɓa ya wuce. Ban da matan madafa ba wanda ya san abin da ke tsakaninmu.

Watansu biyu da fara horo aka rufe ƙofa. Mun shigo da safe kamar kullum, hantsi bai yi ba aka busa ƙaho, muka ga ana gudu. Aka ce Yamai ba lafiya, garinmu ma ana ƙona tayoyi, an ba da umarni ba shiga ba fita. Muka yafa gyale muka nufi ƙofa, sai sarjan ya tare mu.

"Ina zuwa, uwayen tuwo?"

"Gida mana. Mu sojoji ne?"

"Soja zai ci ko ba zai ci ba? Ku koma."

Ba'adara ta ce ta bar jika a wurin maƙwabta, wata ta ce awakinta na ɗaure ba ruwa. Ya ce shi ma matarsa na waje, kuma ba shi ya rufe ba.

Sai a ranar na san tsawon katangar nan. Shekara tara ina shiga ina fita ban taɓa ɗaga kai na dube ta ba. Muna jin kiran salla daga gari, muna ganin baƙin hayaƙi yana tashi wajen kasuwa, amma ba mu san gidan wa ko shagon wa ba. Rediyon sojoji ba a bari mu matsa kusa da shi. Zane ɗaya a jikina, in wanke gefe in ɗaura gefe. A ɗakin ajiyar hatsi muke kwana, kan buhuna. Rana ta biyu itace ya fara ƙarewa, muka koma fasa tsofaffin akwatuna. Aka kwashe manyan sojoji a motoci aka kai su tsaron wurare cikin gari, bariki ya rage daga kurata sai 'yan tsirarun manya. A ranar na ga an buɗe akwatin harsasai na gaske ana raba wa yaran nan.

A waje kuma magana ta bazu cewa an yi harbi cikin bariki, kurata sun mutu. Ƙarya ce, ko kaza ba a harba ba, amma wa zai fita ya ƙaryata? Rana ta uku iyaye suka fara taruwa a bakin ƙofa, daga Tsibiri, daga Jiratawa, daga ƙauyukan da ban sani ba, wasu da ƙwaryar fura a kai. Tun daga madafa muna jin hayaniyarsu.

Da azahar aka ce in kai wa masu gadi abinci. Na ɗora roba a kai na tafi. Ƙofar ta ƙarfe ce mai sanduna, ana ganin waje. Mutane sun fi ɗari, sun danno har ƙofar na girgiza, kowa na kiran sunan ɗansa. Kurata uku ne a ciki riƙe da bindigogi. Na tsakiyar shi ne wancan.

Ban dubi fuskarsa ba, hannunsa na duba. Bakin bindigar ba ƙasa yake ba, ba sama ba. Yana daidai ƙirjin mutane. Ɗan ƙarfen gefe da ke kulle ta a buɗe yake. Yatsansa na ciki, kwance kan kunama.

Wanda ke gabansa, sanduna kawai suka raba su, Yayana ne, da babbar rigarsa ta zuwa Juma'a. Ya yi tafiya tun daga Tsibiri yana zaton gawa zai tarar, ya tarar da yaro tsaye lafiya, yaron kuma bai durƙusa ba, bai ko amsa sallamarsa ba.

"Kai! Ni za ka tsaya wa ƙiƙam kamar turke? Ni na yi maka kaciya! Wanga kaki shi ya cinye maka gaisuwa?"

Yaron kuwa an hana shi magana a kan gadi. Ya ɗan matsa gaba, ina jin so yake Yaya ya ga idonsa ya gane. Yaya kuwa bai san komai game da bindiga ba, sandar kiwo ya ɗauke ta. Sai ya zuro hannu ta tsakanin sanduna ya kama bakinta, yadda ake ƙwace sanda a hannun yaro marar ji.

"Aje wagga tsiya ka gaishe ni!"

Ya ja. Yaron ya ja baya, don an koya masa ba a sakin bindiga ga kowa. Yaya ya sake ja, bakin bindigar yana dungurin cikinsa.

Na buɗe baki na yi irin ta sarjan: "Yatsa waje!" Hayaniya ta haɗiye. Na ce, "Kai! Kai wancan!" Kowa a wurin kai yake cewa, ba wanda ya juyo. Tsakanina da su ya kai taku ashirin, ga roba a kai, kuma na san in na ruga na taɓa shi daga baya firgita zai yi ya matse. Abu ɗaya ya rage, na kuma san shi. Sunansa ne. Wallahi ji na yi kamar an ce in kwance zane a tsakiyar kasuwa. Ga matan Tsibiri nan a gaba, waɗanda muka yi wasan gaɗa tare, ga surukar ƙanwata.

Na kira shi. Da dukan muryata na kira, sau ɗaya.

Bai taɓa jin sunan nan daga bakina ba. Ya juyo da kai kamar an mare shi, muka haɗa ido, abin da ba mu taɓa yi ba. Na ce, "Yatsa waje. Kulle ta." Yatsan ya fito ya miƙe a gefe. Na ji ƙarar ɗan ƙarfen ya koma. Na ce, "Yaya, don girman Allah saki." Yaya ya saki, ba don ya gane ba, sai don mamakin abin da ya ji.

Sarjan ya iso, tafiya yake ba gudu ba. Ya sa yaron ya juya wajen katanga, bakin bindiga ƙasa, ya zare gidan harsashi, ya ja ƙarfen baya. Harsashi ɗaya ya yi tsalle ya faɗo cikin rairayi. Kowa ya gan shi. Sarjan ya ɗauka, ya goge da riga, ya nuna wa Yaya.

"Bagobiri, wannan naka ne, saura kaɗan a ba ka. Ku Gobirawa komai kuka gani sai kun ja, kun ɗauka akuyar maƙwabci ce?"

Da yake akwai wasa tsakanin Zabarmawa da mu Gobirawa, wasu suka yi dariya. Yaya bai yi ba. Ya nemi gefen katanga ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa. Sarjan ya ƙame a gabansa ya sara masa, ya ce, "Baba, wannan ita ce durƙusawarmu. Ɗanka bai raina ka ba." Ya juya ga yaron ya ce laifin rabi nasa ne, rabi na wanda ya ajiye ɗan wata biyu a ƙofa, wato shi kansa. Ya karɓi bindigar ya tsaya gadin da kansa, ya sa aka riƙa fito da kurata biyar biyar, hannu wofi, iyaye na ganinsu ta sanduna.

Na sauke roba zan juya, Yaya ya ɗago kai. Ban sa ran godiya ba, bai kuwa yi ba. Cewa ya yi, "Yau bakinki ya buɗe, a gaban duniya." Matan Tsibiri sun rufe baki da gyale suna kallona.

Da a gida ne, ɗaki zan shige in ja ƙyaure. A nan babu inda zan shiga. Kowa a bariki ya ji, kuma da la'asar dole in tsaya da ludayi gaban layi. Kurata suna miƙo kwano suna cewa, "Inna, ni ma kira nawa sunan." Wancan ya zo a tsakiyarsu, kansa ƙasa. Na zuba masa ya wuce. Sarjan ya zo ƙarshe kamar kullum.

"Uwar tuwo, ashe naki ne? Shi ne wata biyu kina ba shi rabin ludayi? Ni na ɗauka gaba kuke yi."

Na ce, "Mi ya shafe ka?"

"Kuma wa ya liƙa miki galan na muƙami a kafaɗa da za ki ba mai gadina umarni?"

Ba'adara ta ce, "Shekara tara tana karatu a bayan zana, kai ne ba ka duba ɗalibanka."

Sai washegari da hantsi aka buɗe ƙofa. Kafin in kai Zariya magana ta riga ni Tsibiri. Labarin harsashi bai yi nisa ba, na sunan shi ya yi tafiya. Shekaru ana yi mini shi a gidan biki, wata ta maƙe murya ta kwaikwayi yadda na kira, a bushe da dariya. Yaya ya yi wata uku bai taka gidana ba. Ban ba kowa haƙuri ba, ba kuma zan ba ba.

Mai gidana ya rasu, Yaya ya bi shi bayan damina biyu. Sarjan an mayar da shi yamma, daga baya muka ji rasuwarsa. Cikin matan madafa saura ni da Ba'adara, tana hannun jikokinta, ido ya tafi amma bakin na nan. Wancan yana raye, ya aje kaki, furfura ta fito masa, yana noman albasa a filin ubansa a Jiratawa.