Kunyoyi Huɗu a Bayan Ɗaki

Shekarar da rikici ya koro mutanen ƙauyukan bayan Doma, an sauke wasunsu a firamaren unguwarmu a nan Lafiya. Ni aka ɗauka tafinta, don na shekara ashirin ina saron doya a Agyaragu har yaren Tibi ya zauna mini a baki. Bakin nawa kuwa ba ya hutu. Matata ta ce ko an binne ni sai na ba maƙwabta labari.

Kwana uku da saukarsu sai ga wata ƙungiya da farar mota, wai an zo duba hankalin yara. Shugabar tawagar matashiya ce, takalminta bai taɓa gaisawa da taɓo ba. Ta raba takardu da fensira masu launi, ta ce kowane yaro ya zana gidansu. Wanda zanensa ya nuna damuwa a rubuta sunansa, likita ya gan shi ran Litinin. Sauran kuwa biskit, sai wata rana.

Yara suka zana wuta da adduna, tana ta rubuta sunaye. Sai aka zo kan wata yarinya 'yar shekara takwas, wadda tun saukarsu kakarta ke ba ta abinci a baki. Ta zana ɗaki, da bishiyar mangwaro, da tudun ƙasa huɗu a jere.

"Kai, ga gona mai kyau!" in ji Madam. "Wannan ba ta da matsala. Na gaba."

Na leƙa takardar.

"Madam, tsaya. Wannan ba gona ba ce."

"Baba, aikinka fassara. Mu an horar da mu a kan wannan."

An horar da su! Ni da doyar da na ci za ta cika tirela ɗari, za a koya mini kunya? Kunyar doya a dunƙule take, da hular ciyawa a ka. Waɗannan dogaye ne. Kuma wane manomi ne zai yi kunya huɗu tak a bayan ɗaki ya kira ta gona? Ko akuya sai ta yi masa dariya.

Na faɗa mata haka, da ƙarfin da har masu keke a titi suka waiwayo. Hedimasta ya ja mini riga: "Ka fara ko? Madam, kar ki damu, haka yake, ƙuda ma giwa yake mai da shi."

Ranar na ji haushin halina. Rana ɗaya da ban ƙara gishiri ba, ita ce aka ƙi yarda da ni.

Na durƙusa gaban yarinyar, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na tambaye ta da yarensu: "'Yata, me aka shuka a nan?"

Ta ɗora yatsa a kan na farko. "Baba." Na biyu, "Mama." Na uku yayanta. A kan na huɗu, ɗan ƙarami, ta tsaya. Kakar ta juya mana baya.

Na fassara kalma bayan kalma, ban ƙara ko wasali ba.

Madam ta buɗe biro, ta rubuta sunan. Na ce ba mu gama ba, ta fito da duk takardun da ta ce ba su da matsala. Muka baje su a kan benci, na jawo yaran ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, direban farar mota yana ta danna mana ham.