Hannun da Malam Ilu Ya Ɗaure

Ranar wata Laraba ce da la'asar, bayan an yanke gero, shekara biyu kafin samun mulkin kai. A filin da ke bayan makarantarmu a Kurfi, mu goma sha huɗu ne 'yan aji ɗaya, sai Malam Ilu mai koya mana wasanni, da usur rataye a wuyansa. Ranar ya fara koya mana jifan ƙwallo, wata 'yar ƙwallon fata mai tauri da ke cika tafin hannu. Ya ja layi da ƙafa, ya nuna mana yadda ake ja da baya taku uku kafin a sake ta. Ya ce wanda jifansa ya fi nisa, shi za a ɗauka a mota zuwa gasar makarantu a Dutsin-Ma bayan wata guda. Ban taɓa shiga mota ba.

Jifa kuwa ba baƙona ba ne. Damina biyu na yi a gonar mahaifina wajen Rawayau ina korar tsuntsaye da hoge, ina komo da awakin da suka yi nisa da tsakuwa. Ni bahago ne, kuma a gona babu wanda ya taɓa damuwa da hakan. Da layi ya zo kaina na jefa da hagu. Ƙwallon ta wuce inda ta Sada, ɗan ajinmu, ta faɗi da taku goma sha ɗaya. Na san adadin domin Malam da kansa ya auna. Sa'an nan ya ce wannan jifan bai shiga ba.

"Kai, da hannun tsarki za ka jefa abu a gaban Hakimi? Ɗan mutane ne fa zai ɗauko ta. Ba a makarantata ba!"

Larabar da ta biyo ya zo da tsumman rawani, ya ɗaure mini hannun hagu a ƙugu, ya ce in koya da dama. Haka aka yi Laraba uku. Ƙwallon takan faɗi kusa da ƙafata, yara su kwashe da dariya, suna cewa, "Bahago, ko kazar gidanku ta fi ka!" Na kai ƙara gida, Baba ya ce Malam ya fi mu sani. Inna ta shafa mini man shanu inda ɗaurin ya ci fata.

Ba na jayayya da ladabin hannu. Da dama nake ci, da dama nake miƙa abu, har yau. Amma ƙwallo ba tuwo ba ce, kuma babu dokar gasar da ta hana. Abin da ban yafe ba shi ne mutum ya ga gaskiya da idonsa, ya kuma share ta a gaban yara.

Sada aka ɗauka. Da ya dawo ya ja ni bayan aji ya gaya mini cewa yaron da ya zo na ɗaya da hagu ya jefa, Hakimi ya miƙa masa kyauta da hannunsa. "Wallahi har Malam tsaye ya miƙe yana tafi," in ji shi.

Yanzu ran Asabar nakan kai jikana koyon wasa a Dutsin-Ma. Ranar farko mai koyar da su ya durƙusa ya tambaye shi, "Da wane hannu ka fi jin daɗi?" Tambayar ba ta ci daƙiƙa biyu ba. Ni ba a yi mini ita ba. Malam Ilu ya ci gaba da koyar da wasanni har na gama makarantar, bai taɓa tayar da maganar ba, ni kuma ban sake taɓa ƙwallon ba.