Katin Yayana

Ban taɓa zama a bencin lakkwal, makarantar boko, ba. Amma sau biyu na tsaya gaban ɗaliban jami'a a Yamai, suna rubuta abin da nake faɗa. Ɗan ƙanwata ne ya kai ni. Shi ke koya musu aikin fansho da inshorar rai. Ni kuwa na bi shi ne don ya ce wataƙila a samu hanyar da fanshona zai fito.

A gidanmu, a wani ƙauyen Kurfai arewa da Filinge, katin shaida ɗaya ne, na yayana. Shi kaɗai aka yi wa takardar haihuwa, don an taɓa kama shi an kai lakkwal. Ya gudo bayan shekara biyu, takarda ta zauna. Duk wanda zai yi tafiya a cikinmu shi ke ɗaukar katin, kamar yadda ake ɗaukar gorar ruwa. Tsagar fuskarmu iri ɗaya ce, hoton ya koɗe, babu jandarman da ya taɓa dubanmu sau biyu. Ba mu ɗauki abin sata ba. Kayan gida ne.

Shekarar da hatsi ya ƙone tun bai fid da kai ba, na sa katin a aljihu na tafi Yamai. Na samu gadi a wani kamfani da ke ajiye siminti da ƙarfen gini. Suka rubuta sunan da suka gani a kati. Shekara ashirin da uku ana kirana da shi, ina amsawa. Duk wata ana cire wani abu a albashina, aka ce na tsufa ne. Ban yi gardama ba.

Ina shekara ta shida a wurin yayana ya rasu. Ciwon ciki, kwana huɗu. Na zo gida. Bayan sadakar bakwai uwarmu ta kira ni ta ce, "Maigari na nan tahe neman lanho, harajin kai. Kada mu biya ma wanda ke ƙasa." Na tafi Filinge da ƙafata, na sa aka soke sunansa, aka rubuta ya mutu, aka buga hatimi, na dangwala yatsa. Na dawo ina jin na yi wa gida aiki. Kwana biyu bayan nan na mai da katin aljihu na koma bakin ƙofar kamfani. Bai zo mini a rai ba cewa littafin Filinge da littafin Yamai za su taɓa haɗuwa.

Sun haɗu. Ƙafafuna suka fara kumbura, kamfanin ma yana shirin rufewa, aka sallame ni. Masu fansho suka ce in kawo takardu daga garinmu, har da wadda ke shaida ina raye. Ma'aikacin Filinge ya buɗe littafi, ya daɗe yana dubawa, ya ɗago kai.

"Baba, wanga mutum ya yi shekara goma sha bakwai da rasuwa. Wa ya aiko ka?"

Na koma ƙauye na ɗauki hauya.

Da ɗan ƙanwata ya zo gaisuwar salla na ba shi labari. Ya riƙe kai. Can ya ce, "Kawu, ka zo ka gaya ma ɗalibaina da bakinka."

"In gaya musu mi? Wautata?"

"Akwai masu kai cikinsu. Mutum sittin in suka duba takarda, wani ya ga abin da ban gani ba."

Ya biya mini kuɗin mota, na tafi.

Ɗakin karatun ya fi masallacin Juma'armu girma. Aka ba ni kujera a gefe. Ɗan ƙanwata ya fara da Faransanci, yana juyowa yana faɗa mini da Hausa. Ya ce abin kamar rumbu ne: mutane da yawa kowa ya zuba damin hatsi, wanda mutuwa ta shiga gidansa ko tsufa ya kayar da shi sai a buɗe masa. Wannan na gane shi tun kafin a haife shi. Sai ya cika allo da layuka, ya ce wannan lissafi ne na cikin mutum dubu nawa za su kai shekara sittin, nawa za su wuce. Wani ɗalibi mai gemu ya ɗaga hannu ya ce wannan ba shiga aikin Allah ba ne? Malaminsu ya ce lissafin bai san ranar kowa ba, ya san dai yawan damin da za a tanada. Suka yi ta musu. Ni ina duban allon, ina neman inda nake. A lissafinsu na faɗi tun ina ɗan shekara talatin da wani abu.

Da aka ba ni magana ban daɗe ba. Na faɗi abin da na faɗa a sama. Na ciro katin, ya zagaya hannu hannu.

Wani daga baya ya ce, "To Baba, ashe da fatalwa muke zaune!"

Na ce, "Fatalwar da ta ci shinkafar malaminku da sahe. Tambaye shi ko ta rage mai."

Aka yi dariya. Wata yarinya a layin gaba ba ta yi ba. 'Yar wajen Bonkuku ce, na gane a bakinta. Ta tambaye ni ko akwai wanda ya san ni a kamfanin da sunana na gaskiya. Na ce babu. Ko akwai takardar albashi mai hotona? Babu. Ta rubuta. Malamin ya raba su kashi kashi, ya ce su tafi da matsalata su kawo masa mafita.

Bayan damina aka sake kirana. Wannan karon ba dariya. Yarinyar nan ce ta tashi a madadinsu. Ta ce hanya biyu suka gani. Ta farko, in je gidan shari'a in faɗi gaskiya, in kawo waɗanda suka yi aiki da ni su shaida cewa jikina ne ya yi gadin. To kamfanin ya rufe, mai shi ya koma ƙasarsu, direbobin da na sani sun watse. Kuma alƙali na iya cewa na yi aiki da takardar wani, laifi ne. Ta biyu ba ta so ta faɗa ba. Wani yaro ne ya ƙarasa mata: a samu shaidu biyu daga ƙauye su rantse cewa an yi kuskuren suna, ƙanen ne ya mutu, wan yana raye.

Ɗan ƙanwata ya tsawata masa, ya ce ba ƙarya yake koya musu ba. Ni dai na ji, na riƙe. Ban gaya masa ba.

A ƙauye mutum biyu suka rage waɗanda maganarsu za ta yi nauyi. Ɗaya tsohon da ke riƙe da wurin yankan kakanninmu, shi ya shiga ramin ya karɓi gawar yayana. Na same shi yana tufkar igiya. Ya saurare ni har ƙarshe.

"Ni na aza shi da hannuna. Ƙasa ta san wanda ta amsa. In na ce kai na, sai ta zo neman abinta. Kana so?"

Na ce ban damu ba.

"Ni na damu. Tashi."

Ta biyu matar yayana ce, tsohuwa yanzu, idonta ɗaya ya tafi. Tana sussukar hatsi. Ba ta ko ajiye taɓarya ba.

"In kai ne shi, ni wa na yi ma takaba? Ka amshe mai kati yana raye, yanzu mutuwar tashi ma za ka amshe?"

Ban sake tayar da maganar ba. Ba su yi mini laifi ba.

Abu ɗaya na sani ya fito daga tafiyar nan. Yarinyar Bonkuku ta aiko a gaya mini ta kai ubanta da ƙannensa uku an yi wa kowa takardarsa. Na ce madalla.

Shekarar da ta biyo baya ɗan ƙanwata ya kira ni a waya, ya ce sababbin ɗalibai sun zo. Na ce ƙafa ba ta ɗaukata, hanyar ma ba ta da daɗi yanzu. Na ba wani direba katin da takardun sallama ya kai masa. Na ce ya riƙe, ya riƙa nuna musu, sun fi amfani a wurinsa.

Da ɗan ƙanwata ya zo sallar bana ya same ni a gona, ina noma ina zama. Ya karɓi hauyar ya nome kunya biyu, hannunsa ya yi bororo. Muka zauna gindin gawo. Ya ce ya sa labarina a jarrabawar ƙarshen shekara, ba suna, ya tambaye su abin da ya kamata a biya mutumin.

Na ce, "Sun ci?"

"Kusan duka."

"Mi suka rubuta?"

"Sun ce ko dala ba za a biya shi ba, Kawu." Na miƙa hannu ya ba ni hauyata.