Inda Muka Rubuta Baba Ƙarami

Da can, in kana son sanin wane ne wane a danginmu, sai ka jira biki ko suna, ka raɓi tsofaffin mata wajen tukunya. Su ke riƙe da mu a ka. Sukan faɗi abin da ya kamata a faɗa, sauran su haɗiye. Yau kuwa zuriyar kakanmu ta watsu, wasu Maraɗi, wasu Yamai, wasu Agadas, wasu har Libiya, kuma abin da ya haɗa mu shi ne gurup ɗin waya. Nan ake shelar haihuwa, nan ake ta'aziyya, nan ake tambayar ko ruwa ya kai shuka a ƙauyenmu na gefen Cadakori.

Wani ɗan ƙanena da ke karatu a Yamai ne ya kawo shawarar a rubuta asalinmu, tun daga kakan da ya taso daga ƙasar Katsina, kowa ya kawo abin da ya sani. Ni da na tsufa ina koyarwa a lakol, har yanzu Mushe, wato malamin makaranta, ake ce mini, sai aka ɗora mini rubutun. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi. Ina sauraren saƙon murya, wanda yara ke ce wa bokal, in rubuta a kaye, littafin rubutuna, in ɗauki hoton shafin in tura, su kuma su yi ta gyara mini kamar ni ne ɗalibin. Wata ƙanwata ta tuna mana da tagwayen da suka rasu kafin yaye, mu maza duk mun manta da su. Muka gano dangi a ƙetaren iyaka da ba mu san da zamansu ba.

A ƙarƙashin sunan kakanmu na jera 'ya'yansa maza biyar. Na biyar shi ne Baba Ƙarami, shi kaɗai ya rage a raye cikinsu. Dogo ne, fari, ga sanin shanu kamar a ruga aka haife shi. Shi ke fara sara in za a yi shuka a gandu. In an fito da tuwo ƙofar gida, ba mai sa hannu sai ya ce bismillah. Na san yadda ya shigo gidanmu, duk wani mai furfura ya sani. A wata shekarar yunwa wata Bafillatana da shanunsu suka ƙare ta bar shi yana jinjiri a hannun kakarmu, ba ta dawo ba. Amma ban taɓa jin an faɗi haka a gabansa ba, kuma da na zo rubuta shi ban yi wata-wata ba.

To, ina da wata ɗabi'a, ita ta kashe ni. Bayan la'asar, in dattawa sun zauna a tabarma, nakan kunna musu bokal da ƙarfi su ji muryar 'ya'yansu. Ran nan na ga saƙon wani yaronmu da ke aikin gini a Libiya. Ban saurara ba tukuna, na danna kawai. Ya yi gaisuwa da ladabi, sannan ya ce, "Mushe, akwai gyara a shafin jiya. Baba Ƙarami ai ba ɗan Kaka ba ne, innata ta gaya mini tsintar shi aka yi. Tunda tarihi ake rubutawa, a rubuta gaskiya, a sa shi gefe."

Innalillahi! Na hau latsa waya, yatsuna suka ƙi ni, maimakon ta yi shiru sai ta ƙara ƙara. Baba Ƙarami ya ɗora hannunsa a kan gwiwata ya ce, "Bar shi ya ida, ai magana yake yi." Da muryar ta ƙare ya jawo takalmansa, ya ɗauki butarsa, ya shiga gida. 

Kafin magariba gurup ya kama da wuta. Masu zagin yaron, masu cewa ai bai yi ƙarya ba, wani mai karatun addini ya kawo hujjar cewa ba a jingina mutum ga uban da bai haife shi ba. Wani ma, don rashin ta ido, cewa ya yi a jefa ƙuri'a. Ƙuri'a, jama'a, a kan tsohon da ya goya ubanninsu! Abin da ya fi ci mini rai, har masu kare shi sai sun maimaita kalmar nan ta tsintuwa kafin su kare shi. Yaron ya goge saƙon, amma magana zarar bunu ce. An riga an tura ta wasu wayoyin. Ranar kasuwar Cadakori wani mai sayar da igiya ya tare ni yana tambaya, wai ashe tsohon nan namu Bafillace ne? Da ƙyar na hana kaina marinsa.

Baba Ƙarami ya daina fitowa cin tuwo. Ya ce a riƙa kai masa ɗaki. Na shiga gaishe shi, mutumin da tun ina rarrafe yake ce mini ɗana, sai ya ce, "Sannu da zuwa, Mushe." Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai. Har na kai bakin ƙofa ya ƙara da cewa, "In ta Allah ta kasance, ku tambayi gurup ɗin inda za a sa ni."

Na fita ina kuka, ƙato da ni.

Washegari na hau moto, wato babur, zuwa Sae Sabuwa wajen Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ba ta gani sosai amma bakinta na nan da kaifinsa. Ban gama bayani ba ta katse ni. "Kai ne babban banzan! Yaro ya yi yarinta, kai da furfurarka ka zama kakakinsa. Wa ya aike ku tonon abin da manya suka rufe?" Ta fi ni gaskiya. Can ta ce, "Kunna abin nan naka, ni ma in yi."

Na riƙe mata waya a baki. Ta ce, "Ku saurara, 'ya'yan yau. Ni ce aka haifa a shekarar yunwar nan. Matar ta zo ba ko ɗigon nono a ƙirjinta, Inna ta karɓe shi. Ni a dama, shi a hagu, abin da bai ishi ɗaya ba muka raba mu biyu. Ni na rame, shi ya rayu, kuma ban taɓa yin da-na-sani ba. Wanda ya ce a sa shi gefe, ya fara sa ni." Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Kai kuma mai kaye, wa ya ce sai ta wajen maza ake ƙirga mutane? Sa sunan Inna a sama, ka jera waɗanda suka sha nononta, mu gani ko akwai malamin da zai ce ka yi ƙarya."

Haka na yi. Na yage shafin, na sake wani da sunan kakarmu a sama, 'ya'yanta a ƙasa, shi da Gwaggo a layi guda. Na tura hoton tare da muryarta. Can addu'o'i suka fara shigowa gurup. Mai hujja ya ce wannan kam daidai ne. Yaron Libiya ya turo bokal yana sheshsheka, yana roƙon a nema masa gafara. Na ji sanyi a raina, na ɗauka an ɗinke ɓarakar.

Na kai wa Baba Ƙarami saƙonnin har ɗakinsa, bayan na saurara ni kaɗai har sau uku. Ya sa na maimaita masa muryar Gwaggo. Ya yi ɗan murmushi wajen dama da hagu, ya ce ita ce ma mai cizo. Ya ce a gaya wa yaron ya yafe. Sannan ya daɗe yana kallon shafin, ko da yake bai iya karatun boko ba.

"Ta faɗi gaskiya, ɗana," in ji shi. "Amma shekara tamanin ina gidan nan, ban taɓa buƙatar shaida ba sai bana."



Da yamma ya fito. Muka yi ta murna a ɓoye, kowa na gyara masa wurinsa na tsakiyar tabarma, amma ya zauna daga baki. Aka aje akushi, aka buɗe, tururi na tashi. Muka wanke hannu muna jiransa kamar kullum. Shi ma ya wanke nasa, ya ɗora a gwiwa, ya sunkuyar da kai. Tuwo na ta hucewa, sannan na gane cewa mu yake jira.

Ni na buɗe baki na ce masa abin da ake ce wa baƙo: "Bismillah, Baba."

Ya ce, "Na gode," sannan ya sa hannu.