Launin Gidan Baba Mai Fenti

Baba Mai Fenti ya tsufa a kan tsani. Tun yana saurayi yake yi wa gidajen mutane fenti, kuma ya fi jin jiki a bango mai kaushin filasta, wanda ke shan fenti kamar raƙumi ya samu ruwa. Amma masu gidajen sun fi bangon gajiyar da shi. Maigida ya ce ruwan toka, matarsa ta ce ruwan ƙwai. Sai an gama suruka ta zo ta ce ya yi duhu, a sake.

Da kafaɗarsa ta daina ɗaguwa, ya ajiye buroshi. Autarsa ta ce za ta sa a yi wa gidansa fenti, don filastarsa tsirara take tun da aka gina shi.

"Baba, wane launi kake so?"

Ya daɗe yana kallon bangon.

"Ruwan ƙasa, Auta. Rana ba ta koɗar da shi da wuri, datti ba ya nunawa."

Ranar da masu aikin suka zo, ɗaki ya shige ya kwanta. Warin fenti yanzu ciwon kai yake sa masa.